YUNWAR DA BA TA KUKA

  Tunaninmu na yau zai fito ne daga Maimaitawar Shari'a sura 8 da Bisharar Yahaya sura 6. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi sai ya buɗe, ya sa alama a wuraren nan biyu, gama za mu riƙa komawa gare su.

Bari mu fara da wani abin da iyaye mata suka sani sarai. Yaro mai lafiya in yunwa ta kama shi, duk gidan sai ya sani. Zai yi kuka, ya ja zanen uwarsa, ya bi ta har bakin murhu, ba ya barin kowa ya huta sai an sa masa wani abu a baki. Amma akwai wani yaron da ba ya kuka. Tamowa ta daɗe a jikinsa, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, yana zaune shiru a gindin bango. In aka miƙa masa kunu sai ya kau da kai. Wanda bai sani ba zai ce yaron nan a ƙoshe yake, ko kuwa ya ce yaro ne mai haƙuri. Ma'aikatan asibiti kuwa sun san shi ne yake cikin hatsari. Saboda haka in an kai musu yaro mai tamowa, cikin abubuwan da suke fara gwadawa har da ko zai karɓi abinci. In ya karɓa ya ci, akan iya ba uwarsa abincin ta koma gida da shi. In ya ƙi, sai a kwantar da shi, a riƙa ba shi wata madara ta musamman kaɗan kaɗan, dare da rana, har marmarin abinci ya dawo masa.

Mun kawo wannan misali ne domin Allah ya yi mu da yunwa iri biyu. Ta ciki tana da murya. Ko fasto ne ko dattijon ikilisiya, in rana ta yi tsaka bai sa kome a bakinsa ba, cikinsa zai tuna masa, ba ya bukatar wa'azi a kan wannan. Yunwar ruhu kuwa halinta irin na yaron nan na biyu ne. Da fari takan ɗan motsa. Mutum ya yi kwana biyu bai buɗe Littafi ba, sai ya ji zuciyarsa ba daɗi. In ya ƙyale ta, mako ya zama wata, sai ta yi shiru. Daga nan karatun Maganar Allah ya zama masa nauyi, wa'azi ya yi masa tsawo, ya riƙa duban agogo. Yana zuwa sujada, yana ba da baiko, watakila ma yana cikin ƙungiyar mawaƙa, kowa yana ganinsa lafiya lau, shi kansa bai san yana ramewa ba. Wannan ya sa ba za mu iya jira sai mun ji marmari kafin mu ci wannan abinci ba. Dole mu ba shi wuri na fari da niyya. Allah ya ɗauki shekara 40 yana koya wa jama'arsa wannan darasi a jeji.

Labarin yana cikin Fitowa sura 16. Isra'ilawa sun cika wata ɗaya da fita daga Masar, sun bar Elim inda akwai maɓuɓɓugai da itatuwan dabino, sun shiga jejin Sin. Guzuri ya ƙare. Sai suka fara gunaguni, suna tuna tukwanen naman Masar, sun manta da bulalar da suka sha a can. Allah kuwa ya amsa musu. Da safe, bayan raɓa ta ɗauke, suka tarar da wani abu a ƙasa, ƙwayoyinsa ƙanana ne farare, yana da zaƙi-zaƙin zuma. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Suka riƙa tambayar juna ko mene ne, daga wannan tambaya tasu da Ibrananci ne sunan manna ya fito.

To, sai mu lura da yadda Allah ya shirya cin wannan abinci, gama a nan darasin yake. Kowane mutum rabonsa mudu guda ne a rana, wajen lita 2. Dole a fita da sassafe, domin in rana ta yi zafi yakan narke. An hana a ajiye saura zuwa gobe. Waɗanda suka ce bari su yi dabara suka ɓoye nasu, da gari ya waye suka tarar ya yi tsutsa yana wari. A rana ta shida aka ce su tara na kwana biyu, wannan kuwa ya kwana bai lalace ba. Waɗanda suka ƙi ji suka fita nema ran Asabar, suka dawo hannu wofi. Ku duba fa, 'yan'uwa, abinci ɗaya ne, tukunya ɗaya ce, amma yau ya ruɓe, ran jajiberen Asabar bai ruɓe ba. Me ya bambanta su? Abin da Allah ya faɗa ne kawai. A jejin nan ba wanda zai ci ya ƙoshi sai ya fara kasa kunne. Allah yana da ikon cika musu rumbuna da hatsin shekara 40 a dare ɗaya, amma da ya yi haka, da ba wanda zai sake ɗaga ido ya dube shi.

Da shekarun nan suka ƙare, Musa ya tsufa, jama'a suna gab da haye Urdun, sai ya bayyana musu ma'anar abin da ya faru. Wannan ita ce sura 8 ta Maimaitawar Shari'a. Ya gaya musu cewa da saninsa Allah ya bar su suka ji yunwa, sa'an nan ya ciyar da su da abin da su da kakanninsu ba su sani ba, domin su gane cewa abin da yake riƙe da ran mutum ya wuce tuwo, watau abin da Allah ya furta. Mutane da yawa sun san wannan aya ta 3, amma kaɗan ne suke karanta abin da ya biyo baya. Musa bai ji musu tsoron jeji ba, gama jeji ya riga ya wuce. Ƙasar da za su shiga ce ya ji musu tsoro, ƙasar alkama da sha'ir da inabi da ɓaure da zaitun da zuma. Ya gargaɗe su cewa ranar da suka ci suka ƙoshi, suka gina gidaje masu kyau, garkunansu suka yi yawa, a ranar ne za su manta, su ce ƙarfin hannunsu ne ya kawo musu wadata.

Mu ma mun ga haka da idonmu. Sau nawa muka ga ɗan'uwa wanda lokacin da yake neman aiki ba ya fashin taron addu'a, Littafinsa duk ya tsufa saboda buɗewa, amma da aka ɗauke shi aiki, ya sayi babur, daga baya ya sayi mota, sai ganinsa ya zama sai Kirsimeti da Ista? In ka tambaye shi zai ce aiki ne ya yi yawa. Gaskiya ne aiki ya yi yawa. Amma bai taɓa fashin abincin dare saboda yawan aiki ba.

Wannan sura ce Ubangijinmu ya ɗauko sa'ad da Iblis ya gwada shi, kamar yadda Matiyu ya rubuta a sura 4. Ya yi kwana 40 bai ci kome ba, yunwa ta gaske ta kama shi, gama jikinsa irin namu ne. Iblis ya nuna masa duwatsu ya ce ya mai da su gurasa, in dai shi Ɗan Allah ne. Cin gurasa ba zunubi ba ne, ba da daɗewa ba ma Yesu da kansa ya yawaita gurasa domin dubban mutane. Abin da Iblis yake nema shi ne Yesu ya ɗauki umarni daga cikinsa maimakon daga Ubansa. Isra'ila ta faɗi a wannan gwaji a jeji, Yesu kuwa ya tsaya. Sau uku aka gwada shi, sau uku ya amsa, dukan amsoshin kuwa daga littafi ɗaya ne, Maimaitawar Shari'a sura 6 da sura 8. Ba mu karanta cewa yana riƙe da wani naɗaɗɗen littafi a jejin ba. Abin da ya ci tun yana yaro a Nazarat shi ne ya riƙe shi a ranar. Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mai bi wanda yake jira sai gwaji ya zo kafin ya nemi aya, zai tarar ba shi da abin da zai faɗa.

Yanzu sai mu juya zuwa Yahaya sura 6. Idin Ƙetarewa ya kusa, babban taro ya bi Yesu zuwa hayin tekun Galili. Filibus ya yi lissafi ya ga ko dinari 200 ba zai sayi gurasar da kowa zai ɗan taɓa ba. Dinari guda kuwa shi ne ladan ɗan ƙodago na yini ɗaya, watau kuɗin aikin wajen wata 8 ke nan. Abin da aka samu duka shi ne gurasar sha'ir 5 da kifi 2 a hannun wani yaro, sha'ir kuwa abincin talaka ne. Yesu ya yi godiya, aka raba, maza wajen 5,000 suka ci suka ƙoshi, aka tattara kwando 12 na saura. Jama'a suka yi murna ƙwarai, har suka so su kama shi su naɗa shi sarki ƙarfi da yaji. Wa zai ƙi sarkin da yake ba da abinci kyauta? Yesu ya janye ya hau dutse shi kaɗai.

Kashegari suka shiga jiragen ruwa suka bi shi har Kafarnahum. Da a ce mu ne, da mun yi farin ciki da irin wannan himma, mu rubuta a rahoton shekara cewa ikilisiya ta ƙaru. Yesu kuwa ya dube su ya gaya musu a fili cewa cikinsu ne ya kawo su. Sun ga gurasa, ba su ga abin da gurasar take nunawa ba. Ya ce su daina wahala a kan abincin da yake ruɓewa, su nemi wanda yake dawwama. Su kuwa suka kawo masa zancen manna, suna nufin in Musa ya ciyar da kakanninsu shekara 40, shi da ya ciyar da su yini ɗaya tak, ai da saura. Sai ya tuna musu cewa waɗanda suka ci mannar duk sun mutu, ya kuma ce shi kansa ne gurasar da Uba ya aiko. Daga nan taron ya fara watsewa. Har da yawa cikin almajiransa suka ce maganar ta yi musu tsauri, suka koma, ba su ƙara tafiya tare da shi ba. Bai bi su da roƙo ba, bai kuma sake yin wata gurasa don ya tsare su ba. Ya juya ga sha biyun ya tambaye su ko su ma za su tafi. Bitrus ya amsa cewa ba su da wani wurin zuwa, domin a bakin Yesu ne maganar da take ba da rai na har abada take. Jiya Bitrus ya ɗauki kwando cike da gurasa, amma da aka zo ga zaɓi, maganar ya ambata, bai ambaci kwandon ba.

Akwai abu guda a nan da ya kamata mu kiyaye. Littafi Mai Tsarki abinci ne domin yana kai mu ga Almasihu. A sura 5 ta wannan Bishara, Yesu ya yi magana da mutanen da suka ƙware a binciken Littattafai amma suka ƙi zuwa wurinsa. Mutum yana iya cin gasar haddar ayoyi, ya karɓi kyauta a gaban ikilisiya, ruhunsa kuwa yana fama da tamowa. Haka kuma waɗanda suke sa Littafi a ƙarƙashin matashi don kada su yi mugun mafarki, ko su ajiye shi a gaban mota don kada su yi hatsari, sun mai da shi laya ke nan. Ba wanda ya taɓa ƙoshi da sa ƙwaryar tuwo a ƙarƙashin matashinsa.

Mun san wani mai sauraro zai ce, "Malam, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuna maganar abincin ruhu, ni kuwa yarana sun kwana ba su ci ba." Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu share ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, gidaje da yawa suka rage yawan girki. Akwai kuma 'yan'uwanmu da tashin hankali ya raba da gonakinsu. Wanda ya ci ya ƙoshi sa'an nan ya gaya wa irin waɗannan cewa abinci ba kome ba ne, bai san Allahn da yake wa'azinsa ba. Yesu ya ciyar da taron tukuna kafin ya tsauta musu. Da ya ta da 'yar Yayirus daga matattu, ya ce a ba ta abinci. Da annabi Iliya ya gudu jeji ya kwanta yana roƙon mutuwa, Allah bai fara da wa'azi ba, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa har sau biyu, sai daga baya ya yi masa magana a Horeb. Yakubu kuma a sura 2 ta wasiƙarsa ya ce bangaskiyar da take sallamar mayunwaci da fatar baki matacciya ce. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi ƙorafi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ce a daina rabo a koma wa'azi ba, ba su kuma bar wa'azi suka koma rabo ba. Sun sa aka zaɓi mutum 7 amintattu su kula da abincin, su kuma suka ci gaba da addu'a da hidimar Magana. Ikilisiyar da take da mayunwata a cikinta, tana kuma da masu rumbu cike, ba ta gama cin Maganar Allah ba tukuna.

To, in haka ne, me ake nufi da fifita abincin ruhu? Yawancin kwanaki abincin biyu ba sa faɗa da juna, muna ci muna godiya. Amma akwai ranar da sukan yi karo, a ranar ce ake sanin wanda yake gaba. Isuwa ya dawo daga farauta a gajiye, ya tarar da ƙanensa Yakubu yana dafa jar miya. Yunwarsa ta gaske ce, amma ba ta kisa ba ce, gama gidan Ishaku gidan wadata ne. Duk da haka ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan ƙwarya ɗaya, ya ci, ya sha, ya tashi ya yi tafiyarsa. Kafin dare yunwa ta sake kama shi, abin da ya sayar kuwa bai dawo ba, ko da yake daga baya ya yi kuka mai zafi, kamar yadda Ibraniyawa sura 12 ta tuna mana. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ƙwaryar Isuwa tana zuwa mana da kamanni dabam dabam. Mai awo a kasuwa ya ga in ya ɗan buga gindin mudu ribarsa za ta ƙaru, ga kuɗin makarantar yara ya matso. Ma'aikaci aka kawo masa takardar da ya san ƙarya ce, aka nuna masa cewa in bai sa hannu ba ƙarin girma zai wuce shi. Budurwa ta sami mai nema wanda zai ɗauke wa iyayenta nauyi, amma ta san in ta shiga gidansa ta bar bangaskiyarta a bakin ƙofa. Ba mu ce waɗannan abubuwa masu sauƙi ne ba. Muna dai cewa a irin wannan rana ciki zai yi magana da babbar murya, in kuwa ruhu ya daɗe bai ci ba, ba zai iya ko ɗaga murya ba.

Manoma sun fi kowa gane wannan. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 za su gaya muku cewa a shekarar yunwa, babban gwajin maigida shi ne dammunan irin da ya keɓe. Yara suna kuka, uwargida tana dubansa, ga gero nan a rataye. In ya sauko da shi aka daka, za a ci na 'yan kwanaki, amma in ruwa ya sauka ba abin da zai shuka. Maigidan da ya hana a taɓa iri bai raina yunwar iyalinsa ba. Ya san daga irin nan ne tuwon baɗi zai fito.

Annabi Amos, a sura 8 ta littafinsa, ya yi maganar wata yunwa da za ta zo, ta rashin jin maganar Ubangiji, mutane su yi ta yawo daga wannan gefe zuwa wancan suna nema ba su samu ba. Mu da muke jin Hausa ya kamata mu tuna cewa wannan abinci bai zo harshenmu da sauƙi ba. Wani mai bishara, James Frederick Schön, wanda ya bi jirgin da ya shigo kogin Kwara a 1841, shi ne ya duƙufa a kan Hausa, ya kuma sami taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu a Ingila. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. Daga nan sai da aka yi shekara 75 kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, bayan doguwar wahalar Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Sabuwar fassarar da yawancinmu muka taso da ita ta biyo baya a 1979. Iyayenmu da yawa da girmansu suka koyi karatu, da dare bayan sun dawo daga gona, a hasken fitilar ƙwai, don kawai su iya karanta wannan Littafi da kansu.

Rediyo ma ya koya mana cewa ƙofar da take buɗe yau tana iya rufewa gobe. Tashar da take Addis Ababa, wadda aka buɗe a 1963, wadda kuma take watsa shirye-shiryen Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos, gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace ta a 1977. Tashar ELWA ta Monrovia, wadda ta fara aiki a 1954, yaƙin basasar Laberiya ya rushe ta a 1990. Masu sauraro a ƙauyuka suka murɗa akwatinsu a lokacin da suka saba, suka ji shiru. Yau kuwa Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin wayar hannu, wanda bai iya karatu ba ma yana iya saurare. Abinci ya wadata, marmari ne ya ragu. Isra'ilawa ma da manna ta zama ta kullum sai suka gaji da ita, suka ce kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar suke so, kamar yadda Littafin Ƙidaya sura 11 ya nuna. Aka ba su naman da suka nema, wurin kuwa aka sa masa sunan da yake nufin kaburburan makwaɗaita.

Wanda ya ji a ransa cewa shi ne yaron nan da yake zaune shiru a gindin bango, kada ya karai. Kada kuma ya yi alkawarin karanta sura 10 kullum daga gobe, gama mai tamowa ba a cika masa akushi a rana ta fari. Ya yi yadda ake yi a asibiti, kaɗan kaɗan amma ba fashi. Ya ɗauki littafi ɗaya ya bi shi daga fari zuwa ƙarshe, ya daina buɗewa duk inda yatsa ya faɗa. Markus yana da sura 16 kawai, in mutum yana karanta rabin sura kowace safiya, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki zai gama. Ya karanta kafin ya sha koko, tun rana ba ta yi zafi ba, gama hidimar yini tana narkar da lokaci kamar yadda rana take narkar da manna. Ya ɗauki abu ɗaya daga abin da ya karanta ya tafi da shi gona ko kasuwa, yana juya shi a zuciyarsa kamar yadda saniya take tuƙa. Ya kuma tambayi kansa abin da zai yi da shi kafin dare, gama Yesu ya gaya wa almajiransa a bakin rijiyar Samariya cewa aikata nufin Ubansa shi ne abincinsa. Makon fari watakila ba zai ji daɗin kome ba. Ya ci gaba, yana roƙon Ruhu Mai Tsarki ya dawo masa da marmari.

Muna da magana ta musamman ga masu gida da dattawan ikilisiya. Mu maza ba ma yarda a kwana ba a ɗora tukunya ba, in tuwo ya makara muna iya ta da murya. Amma a gidaje nawa ne maigida yake tara iyalinsa a buɗe Littafi kafin a kwanta? In shi bai iya karatu ba, ai yana da ɗan makaranta a gidan da zai karanta, shi kuma ya yi addu'a. Sa'an nan ku dubi abin da yake faruwa a manyan taronmu. Ran Kirsimeti, ko taron shekara, ko bikin godiyar kaka, su wa suke bayan majami'a tun da asuba, cikin hayaƙi, suna tuƙa tuwo da yanka albasa? Matanmu ne. Ana wa'azi na fari suna wanke shinkafa, ana na biyu suna kwasar tuwo, ana addu'ar rufewa suna wanke kwanoni. Kwana uku za a yi, a tashi, waɗansunsu ba su ji ko saƙo ɗaya ba, mu kuwa mu tsaya mu yi musu godiya a kan abinci mai daɗi. A Betanya, da Marta ta nemi Yesu ya ta da Maryamu daga inda take zaune tana saurarensa ta shiga aikin girki, bai yarda ba. Bai raina hidimar Marta ba, ai abincinta zai ci, amma ya hana a ƙwace wa Maryamu rabonta. In kwamitin taro ya iya shirya buhun shinkafa nawa za a saya, zai iya shirya a yi girki bi da bi, matasa maza ma su sa hannu, ko a rage yawan abincin, don kowace mace ta sami zama ta ji Magana.

A Nehemiya sura 8 mun ga yadda jama'ar Allah suka haɗa biyun. Bayan an gama gina garun Urushalima, maza da mata da duk wanda ya isa ganewa suka taru a filin da yake gaban Ƙofar Ruwa. Su da kansu suka roƙi Ezra ya kawo littafin Shari'a. Ya hau wani dakali na katako, ya karanta tun da sassafe har rana ta yi tsaka, Lawiyawa suna bi suna bayyana ma'ana don kowa ya gane. Jama'a suka fara kuka saboda abin da suka ji. Sai Nehemiya da Ezra suka hana su, suka ce su koma gida su ci abinci mai maiƙo, su sha abin zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin dafawa. Haka kuwa suka yi. Kashegari shugabannin gidaje suka sake dawowa wurin Ezra neman ƙari.

Kafin mu sake saduwa, muna roƙon kowane gida ya karanta Yahaya sura 6 tare, a raba ta kashi shida, kashi ɗaya kowace rana, gama tana da ayoyi 71. In Ubangiji ya kai mu mako mai zuwa, za mu duba Ibraniyawa sura 5, a kan masu bi da suka daɗe cikin bangaskiya amma har yanzu madara suke sha. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.